Yadda Ake Ba da Labarin Motsi da Turanci: "Was/Were", "-ing" da Ƙananan Kalmomin Nuna Hanya

Idan Bahaushe zai ba da labarin motsi, sau da yawa aikatau ɗaya ya wadatar. Da ya ce "yana fitowa", mai sauraro ya fahimci abu uku a lokaci guda: mutumin yana barin cikin wani wuri, ya nufo inda mai magana yake, kuma bai gama fitowar ba. Turanci ba ya dunƙule su haka. Rarraba aikin yake yi ga kalmomi daban-daban, ya ce "he was coming out". "Was" ce ke riƙe da lokaci, "-ing" ke nuna ana tsakiyar aikin, "come" ke faɗin wajen wa aka dosa, "out" kuma ita ke nuna hanya. Yawancin kurakuran ɗalibanmu a wannan fanni daga nan suke tasowa. Ko dai a manta da ɗaya daga cikin huɗun nan, ko a ɗora wa ɗaya aikin 'yar'uwarta.

Wanda zai rubuta labari a jarrabawar WAEC ko NECO, da wanda zai rubuta rahoton hatsari a wurin aiki, da wanda zai yi wa likita bayanin yadda aka yi ya faɗi, duk da irin wannan jimlar za su yi aiki. Ga matakan a jere, kamar yadda ya kamata a bi su lokacin gina jimla.

Mataki na ɗaya: fara da kafa lokaci

"Yana" ta Hausa ba ruwanta da jiya ko yau. "Yana hawa bene" tana iya zama yanzu, tana iya zama bara, sai an ji abin da ke kewaye da ita. Mukan ce "jiya da na zo yana hawa bene", ba tare da "yana" ta sauya ko da wasali ɗaya ba. Shi ya sa ɗalibi yake rubuta "Yesterday when I came he is climbing the stairs", a ganinsa ai "yesterday" ta riga ta faɗi komai. A Turanci ba ta isa ba. Dole aikatau shi ma ya nuna cewa abin ya wuce: "he was climbing the stairs".

Ƙa'idar gajeriya ce. "I, he, she, it" da kowane tilon suna "was" suke ɗauka. "You, we, they" da jam'in suna kuma "were". "You" ko da mutum ɗaya ake nufi, "were" ce tata. Inda ake yawan zamewa shi ne idan suna biyu suka haɗu: "Audu and his brother were walking", ba "was" ba. Haka nan "people", "children", "police" da "cattle" duk jam'i ne, ko da yake ba su da "s" a ƙarshe: "The cattle were moving towards the river." Ita kuwa "everybody", duk da taron da take nufi, tilo ce: "Everybody was running out."

Mataki na biyu: liƙa "-ing" daidai

Wannan batun rubutu ne kawai, ba zan daɗe a kansa ba. Aikatau mai ƙarewa da "e" marar sauti yana zubar da ita: "come" ya koma "coming", "drive" ya koma "driving", "ride" ya koma "riding". Mai gaɓa ɗaya da ya ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya yana ninka baƙin: "running", "getting", "stepping", "swimming", "dragging". Ban da "w", "x" da "y", su ba a ninka su: "rowing", "flying". Mai ƙarewa da "ie" yana mayar da ita "y": "lying", "tying". "Flee" tana riƙe wasulanta biyu, "fleeing". "Travel" kuma Turancin Ingila, wanda makarantun Najeriya ke bi, yana rubuta ta "travelling", na Amurka "traveling". Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Mataki na uku: juya jimlar kafin ka rubuta ta

Nan ne ainihin aikin yake, don haka mu zauna a kansa sosai.

Dubi wannan jimlar: "Yana shiga ɗaki da gudu." Aikatau ɗin shi ne "shiga", kuma abin da yake faɗa maka shi ne hanya, wato daga waje zuwa ciki. Yadda aka yi shigar, wato gudun, an ajiye shi a gefe, "da gudu". Turanci akasin haka yake yi. Gudun yake ɗauka ya mayar aikatau, shigar kuma ya bar wa ƙaramar kalma: "He was running into the room." Ka ga "shiga" ta narke ta koma "into", "da gudu" kuma ta hau kujerar aikatau.

Ɗalibin da bai lura da wannan ba sai ya bi Hausar ƙafa da ƙafa, ya rubuta "He was entering the room with running". Babu Baturen da zai faɗi haka. Ko da an gyara ta zuwa "He was entering the room running", ta halatta, amma da ji an san fassara ce.

Saboda haka kafin ka rubuta komai, yi wa kanka tambaya biyu. Ta farko: da wane irin motsi aka yi tafiyar? Gudu ne, rarrafe ne, ɗingishi, tsalle, sanɗa, tuƙi, iyo? Amsar ita ce aikatau ɗinka. Ta biyu: ina aka dosa, ko ta ina aka bi? Amsar ita ce ƙaramar kalmarka. Ga yadda abin yake fitowa:

Tana saukowa daga bene da ɗingishi: "She was limping down the stairs."

Yaran suna ƙetare titi a guje: "The children were running across the road."

Jaririn yana fita daga ɗaki da rarrafe: "The baby was crawling out of the room."

Ɓarawon yana shiga ta taga cikin sanɗa: "The thief was creeping in through the window."

Masunta suna ƙetare kogi a kwalekwale: "The fishermen were paddling across the river."

A kowace ɗaya, aikatau na Hausa, wato sauko, ƙetare, fita, shiga, shi ne ya koma "down", "across", "out of", "in". Masanin harsuna Leonard Talmy ne ya shahara da raba harsunan duniya gida biyu a kan wannan batu: masu sa hanya a cikin aikatau, da masu barin ta ga ƙaramar kalma a gefensa. Turanci da Jamusanci suna gida na biyu. Faransanci da Sifaniyanci suna gida na farko, inda Hausa ta fi karkata. Don haka ɗan Nijar da ya fara da Faransanci kafin Turanci, harsunansa biyu duka suna jansa zuwa ga kuskure iri ɗaya, sai ya ƙara sa ido.

Ba wai Turanci ba shi da aikatau irin namu ba ne. Yana da "enter", "descend", "ascend", "return", "approach", "arrive". Amma duba asalinsu: ta Faransanci da Latin suka shigo, bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066. Har yau suna ɗauke da ƙamshin ofis da takarda, ba su ne ake fara kamawa a hira ba. Kuma tunda hanyar tana cikinsu, ba sa son a maimaita musu ita. "He was entering into the shop" kuskure ne, "entering the shop" ake cewa. "Enter into" tana nan, amma ta ƙulla yarjejeniya ce, ba ta shiga shago ba. "Returning back" maimaici ne, haka "descending down". "Approach" da "reach" ba sa karɓar "to". "Arrive" kuwa ko "at" ko "in", ban da "to": "We were arriving at the station", "They were arriving in Kano".

Shawarata ga mai rubuta labari: duk inda hannunka ya kai ga "enter", dakata ka tambayi kanka yadda mutumin ya shiga. "Was rushing into", "was sneaking into", "was staggering into", kowace tana nuna wa mai karatu hoton da "was entering" ba za ta nuna ba.

Mataki na huɗu: nemo wa "-o" ɗinmu gurbi

Hausa tana da wata baiwa a nan. Wasali ɗaya a ƙarshen aikatau yana juyo da motsi zuwa ga mai magana: shiga da shigo, fita da fito, sauka da sauko, kai da kawo. A tsarin da masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, wannan shi ne aji na shida. Turanci ba shi da irin wannan wasali. Da "come" da "go" yake yin aikin, sannan ƙaramar kalmar ta zauna yadda take:

yana shiga "was going in", yana shigowa "was coming in". Yana fita "was going out", yana fitowa "was coming out". Yana sauka "was going down", yana saukowa "was coming down". Yana komawa "was going back", yana dawowa "was coming back". Idan da kaya a hannu, "take" ce kai, "bring" ce kawo: "She was taking the food out", "She was bringing the food in".

Matsala tana zuwa ne idan ka riga ka ba gudu ko rarrafe kujerar aikatau. "He was running out" ba ta gaya maka ko fita yake ko fitowa ba. Yawanci labarin da kansa yana warware wannan. Idan kuwa lallai sai an fayyace, ƙara "towards me" ko "towards us": yana gudowa, "he was running towards us".

Wani ɗan tsokaci a gefe. "Ina zuwa" da muke faɗa lokacin da za mu ɗan fita ta shige cikin Turancinmu, har kana iya ganin an rubuta "He said he was coming and went out". Mu mun gane. Baƙo kuwa zai ruɗe, don a wurinsa mai "coming" tahowa yake. Abin da ake nufi shi ne "He said he would be right back".

Mataki na biyar: duba ko suna zai biyo baya

Ƙananan kalmomin nan iri biyu ne ta fuskar aiki. Akwai masu iya rufe jimla su kaɗai, akwai waɗanda sai da suna a bayansu. Wasu kuma sukan sauya kama gwargwadon halin da suke ciki, kuma waɗannan su ne abin haddacewa:

"She was going in", amma "She was going into the kitchen".
"They were coming out", amma "They were coming out of the mosque".
"The boy was running away", amma "The boy was running away from the dog".
"We were driving back", amma "We were driving back to Katsina".

Ba a cewa "coming out from the mosque" a matsayin zaɓi na farko, "out of" ce ta saba. Za ka ji Amurkawa suna cewa "out the door" ko "out the window" ba tare da "of" ba, amma a jarrabawa rubuta "out of".

"Up", "down", "across", "along", "past", "through", "over", "off" da "round" ba su da wannan wahalar, da suna da babu duk ɗaya ne: "He was climbing up", "He was climbing up the ladder". "To", "from", "into", "onto", "towards" da "at" kuwa kullum suna neman suna.

Sai wasu kalmomin wuri da ba sa yarda a sa musu "to" a gaba, domin alkiblar tana cikinsu: "home", "there", "here", "upstairs", "downstairs", "abroad", "inside", "outside". "I was going home", ba "going to home" ba. Amma da zarar ka ce gidan wane, "to" ta dawo: "I was going to my uncle's house".

Mataki na shida: zaɓi hanyar da ta dace

Yanzu ga kalmomin da ke kama da juna alhali ma'anarsu ta sha bamban.

Fara da "in" da "into", don su ne suka fi cin maki. "The goat was running in the compound" tana nufin akuyar tana cikin gidan tun da farko, tana ta zagaye a tsakar gida. "The goat was running into the compound" tana nufin daga waje take, ta doso ciki. Ta farko wuri ta faɗa, ta biyu hanya. Haka "on" da "onto": "The cat was jumping on the roof", tana kan rufin tana tsalle-tsalle, "was jumping onto the roof", daga ƙasa ko daga katanga take dirawa kansa.

"To" da "towards". "To" tana faɗin inda aka yi niyyar zuwa, "towards" tana faɗin inda aka fuskanta kawai. "She was walking to the market", kasuwa za ta. "She was walking towards the market", wajen kasuwa ta nufa, mai yiwuwa gidan ƙawarta da ke kan hanyar za ta tsaya. Mai ba da shaida ya kamata ya riƙe wannan da kyau. Idan ka ga mutum ne kawai a kan titi, ba ka san abin da ke ransa ba, "towards" ce gaskiyar abin da ka gani. Ingila ta fi rubuta ta da "s", Amurka ta fi son "toward".

"Across", "through" da "over" duk a Hausa muna iya cewa ƙetarewa ko ratsawa, amma Turanci yana duban siffar wurin. Idan shimfiɗaɗɗe ne kana bi ta kansa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar titi, fili ko kogi, "across". Idan abu ne da ke kewaye ka lokacin da kake cikinsa, kamar daji, taron jama'a, ƙofa ko gonar dawa da ta yi tsawo, "through". Idan abu ne mai tudu da sai ka haura, kamar katanga ko shinge, "over". "We were walking across the field", "We were pushing through the crowd", "He was climbing over the wall". Gona ɗaya tana iya karɓar biyu: bayan girbi "across the farm", a tsakiyar damina da dawa ta fi ƙarfin kai "through the farm".

"Along" bin tsawon abu ne, "walking along the railway line". "Past" wuce abu ne ba tare da tsayawa ba, "driving past the school". A kula da rubutu, "past" ce a nan, ba "passed" ba. "Up" da "down" ba dole sai da tudu ba. "He was walking down the street" tana iya zama a titin da yake shimfiɗe sarai, bin titin kawai ake nufi. "Up to" kuwa matsowa ce har a iso gaban abu: "A man was walking up to the gate."

"At" da "to" bayan jifa ko ihu suna bambanta niyya. "He was throwing the ball to Sani", miƙa masa yake don ya cafe. "He was throwing stones at the dog", jifansa yake don ya same shi. "Shouting to" ɗaga murya ne don a ji daga nesa, "shouting at" faɗa ne.

"For" bayan "leave" tana juya ma'ana gaba ɗaya. "We were leaving Zaria", daga Zariya muke tashi. "We were leaving for Zaria", Zariya za mu. "Running after the thief" bin ɓarawo ne don a kama shi, "running behind" kuwa matsayi ne kawai, kana bayansa.

Abin hawa yana da tasa ƙa'ida. Wanda ake hayewa bisansa, kamar babur, keke, doki da jaki, da wanda ake iya miƙewa tsaye a cikinsa, kamar bas, jirgin ƙasa da jirgin sama, "on" da "off" suke ɗauka: "I was getting off the bus", "She was getting on the motorcycle". Ƙaramar mota da tasi, waɗanda sai ka sunkuya, "into" da "out of": "He was getting out of the car". A Daidaita Sahu ni dai a sahun ƙaramar mota nake sa shi, tunda shi ma sai an sunkuya. "I was dropping from the bus" da ake ji a tasha Turancin gida ne. A takarda tana iya sa mai karatu ya zaci faɗowa ka yi.

Ana iya jera biyu ko uku a jimla ɗaya, kuma jerin yana da tsari. "Back" ce ke fara zuwa, sai "up", "down", "in" ko "out", sannan mai jan suna ta zo ƙarshe: "He was coming back down from the roof", yana sake saukowa daga kan rufi. Kada dai a cika su don burgewa, biyu sun isa a yawancin jimloli.

Mataki na bakwai: ina za a ajiye abin da ake ɗauke da shi

Idan aikatau yana da karɓau, wato abin da ake turawa, ake ja ko ake ɗauka, akwai wuri biyu da za a iya sa shi. "She was bringing in the clothes" da "She was bringing the clothes in" duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, "it", "them", "him", "her", "us", wuri ɗaya ne tak, tsakiya: "She was bringing them in". "Bringing in them" ba Turanci ba ne. Haka "He was pulling it out", "They were pushing him away".

Idan kuma za a ambaci wurin da aka nufa da kayan, tsarin ba ya sauyawa: aikatau, kaya, hanya, wuri. "He was pushing the wheelbarrow into the market." "They were loading the sacks onto the lorry."

Kar wannan ya ruɗe ka da inda sunan na ƙaramar kalmar ne ba na aikatau ba. A "The dog was running after him", "him" ba karɓau na "running" ba ne, bayansa ake bi, don haka ba a raba "after" da "him". Gwajin mai sauƙi ne. Cire ƙaramar kalmar ka ga ko aikatau zai iya riƙe sunan shi kaɗai. "Bringing them" tana da ma'ana, to a sa a tsakiya. "Running him" ba ta ba da ma'anar da kake so ba, to a bar shi a baya.

Mataki na takwas: tuna cewa "-ing" ba ta kai mutum gida

"He walked across the road", ya ƙetare, ya isa wancan gefen. "He was walking across the road", an gan shi a tsakiyar titi, ko ya isa ko bai isa ba jimlar ba ta faɗa ba. Wannan ne ya sa wannan gini yake zama shimfiɗar labari. Shi ke buɗe fage, sannan gajeren aiki ya faɗo cikinsa da shuɗaɗɗen lokaci na kai tsaye:

"I was getting off the bus when my phone fell."
"While we were driving through the forest, a tyre burst."
"As she was coming out of the bank, it started to rain."

Dogon aiki yakan bi "while" ko "as", gajere yakan bi "when". Idan ɓangaren "while" ko "as" ne ya zo farko, sa waƙafi a bayansa. Hausa ma haka take yi: "ina sauka daga bas sai wayata ta faɗi". Duk abin da ya biyo bayan "sai" ɗin nan, kada ka ba shi "-ing".

A nan akwai tarko. Hausa tana amfani da "yana" don cewa "da zarar": "Yana shigowa sai kowa ya miƙe." Ba a tsakiyar shigowa ake nufi ba, ya riga ya shigo. Turancinta shi ne "As soon as he came in, everyone stood up". Sai ka auna kowace "yana" kafin ka ba ta "was".

Kuskuren da ya fi yawa a takardun labari shi ne wuce gona da iri. Ɗalibi ya koyi ginin, sai ya zuba shi ko'ina: "I was waking up, I was going out, I was getting on the bus, I was reaching the school." Ayyukan da suka biyo juna, kowanne ya ƙare kafin na gaba, shuɗaɗɗen lokaci na kai tsaye suke so: "I woke up, went out and got on the bus."

Aikin da ake yi cikin ƙiftawar ido, idan aka ba shi "-ing", yakan koma maimaici. "The boys were jumping off the wall" tana nufin suna ta dira ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya motsi kuwa, ko da an siffanta shi da aikatau na motsi, ba ya son "-ing": "The road ran along the river", hanyar ta bi gefen kogi. Sannan wannan gini yakan nuna shirin da aka yi a baya: "We were leaving for Sokoto the next morning", washegari za mu tashi.

Mataki na tara: tambaya, korewa da kunne

A korewa sa "not" bayan "was" ko "were": "He wasn't coming back", "They weren't going in". A tambaya "was" ko "were" ta tsallako gaban mai aikin, ƙaramar kalmar kuma ta tsaya a ƙarshe inda take: "Where were you coming from?" "Who was he running away from?" "What was she climbing onto?" Mu da muke fara tambaya da "daga ina", hannu yana son rubuta "From where were you coming?" Ba laifi ba ne a nahawu, amma ba haka ake magana ba.

Kunne ma yana buƙatar horo. A bakin Bature "was", "were", "to" da "of" suna fita a raunane, kusan a haɗiye, shi ya sa mai koyo da sauraro yake zaton babu su. Ita kuwa ƙaramar kalmar da ta rufe jimla ita kaɗai, irin su "in", "out", "back", "away", ita ke ɗaukar nauyin murya. Saurari labaran BBC ko wani shirin rediyo na Turanci, ka kasa kunne ga waɗannan kaɗai na 'yan mintuna.

Gwada da kanka

Ga ɗan labari. Rufe Turancin da ke ƙasa, ka juya shi da kanka tukuna:

Muna fitowa daga masallaci sai muka ji ihu. Wani sa yana tahowa a guje ta cikin kasuwa, mahauta biyu suna binsa. Mata suna janye 'ya'yansu daga hanya, wani mai lemo yana tura baronsa cikin lungu, yara kuma suna ta hayewa kan katanga. Ana cikin haka san ya ratsa ta gabanmu ya faɗa kwata.

"We were coming out of the mosque when we heard shouting. A bull was charging through the market towards us, and two butchers were running after it. Women were pulling their children out of the way, an orange seller was pushing his wheelbarrow into an alley, and boys were scrambling onto the wall. Then the bull ran past us and fell into the gutter."

Duba abin da ya faru da "yana tahowa a guje ta cikin kasuwa". Gudun ya koma aikatau, "charging". "Ta cikin" ta koma "through", saboda kasuwa tana kewaye wanda ke cikinta. "-o" ɗin "taho" kuma ta fito a matsayin "towards us". Idan ka rubuta "running" a maimakon "charging" ba ka yi kuskure ba, ƙarfinta ne dai bai kai ba. Idan ka rubuta "climbing onto the wall" ita ma daidai ce. Jimlar ƙarshe ce kaɗai ba ta da "-ing", don ratsawar da faɗawar duk sun kammala. Idan a takardarka ka sa "was falling into the gutter", koma mataki na takwas ka sake karantawa, sannan ka ɗauki wani abin da ka gani da idonka a tasha ko a bakin titi, ka rubuta shi da Hausa jimla biyar, ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau na hanya, ka nemo masa ƙaramar kalmarsa kafin ka rubuta Turancin.